Wist a Bakin Bahar Maliya

Wani ɗan'uwa mai bibiyar wannan fili ya aiko mini da tambaya, wai shin ɗan kasuwa yana hutu kuwa? Sai da na yi dariya. A shekara talatin da na yi ina buɗe shago a Omdurman, sau ɗaya tak na taɓa rufe shi da sunan hutu, ba don salla ko rasuwa ba. Labarin wannan hutu zan ba ku yau, ko da yake ban fito da farin jini a cikinsa ba.

A watan Disamba ne na 2021. Abokin cinikina, wanda muka haɗa jari da shi muna sayar da takalma a Suk Libya kusan shekara ashirin, ya ce da ni, "Alhaji, mu kwashi iyali mu je Bur Sudan mu sha iska ko na mako guda ne." Na yi mamaki, don shi mutum ne da ko ranar Juma'a sai ya leƙa shago. Amma Hajiya na jin zancen ta fara haɗa kaya, ni kuma ba ni da bakin musu.

Muka hau bas da asuba, muka bi ta Shandi, Atbara, Haya, Sinkat, muka gangara duwatsu, kafin dare ga teku. Lokacin sanyi shi ne lokacin garin, mutanen Khartum sun cika shi, ana ta zaman shan jabana a bakin ruwa. Yara suka ci kifi a Sigala har suka gaji. Muka kai su Sawakin na nuna musu kangayen gidajen murjani, na gaya musu ta nan kakannin da yawa daga cikinmu suka tsallaka Jidda bayan tafiyar shekaru a ƙasa, kafin Turawan Ingila su kafa Bur Sudan a 1905 saboda manyan jiragen ruwa. Ba su saurare ni ba, hoto suke ta ɗauka.

A rana ta uku ne mai masaukinmu ya ce ana gasar wist a wani nadi da ke unguwar, ko za mu shiga?

Ga 'yan'uwa na Kano da Maraɗi da Kumasi da ba su san wist ba, bari in yi bayani. Wasan karta ne, kushtina kenan a bakin mutanen nan. Mutum huɗu, biyu-biyu, abokinka yana zaune yana fuskantarka. Karta 52, kowa 13. Kafin a fara kowa zai duba hannunsa ya faɗi ci nawa yake ganin shi da abokinsa za su iya, daga bakwai zuwa sha uku. Wanda ya kira mafi yawa shi ke zaɓen atu, wato jinsin kartar da ke kashe sauran. In kun cika abin da kuka kira an rubuta muku, in kun gaza an zaftare muku. Babban sharaɗin shi ne ba magana. Ba ƙifta ido, ba tari, ba taka ƙafa. Abin da ke hannun abokinka sai dai ka karanto shi daga kartar da ya jefa.

Na san wani zai ce, Alhaji, ai wannan caca ce. To ba a sa ko girshi ba, kofi ne nadin ya saya, kuma ana kiran salla ake kife karta a tashi. Malamai dai suna da maganganunsu a kan wasan ko babu kuɗi, ni kuma ba malami ba ne, kowa ya tambayi nasa. Amma wanda ake zuba kuɗi, wannan na ga gidajen da ya rusa da idona, kuma ba shi nake yabo ba.

Mu biyun mun daɗe muna buga wist bayan isha'i a ƙofar gida, har an san mu. In ya jefa ƙaramar dinari na san abin da yake nufi kamar ya faɗa mini a kunne. Daren farko muka kori biyu, dare na biyu muka kori ɗaya, muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Kaina ya fara girma.

A nan aka yi abin. Ya kira tara. Na duba hannuna na ga as guda da shayib biyu, na ce a raina alhamdu lillahi, an gama. Ashe hannunsa fanko ne. Ba wannan kaɗai ba, ya manta atu nawa suka fita, mutumin da ya fi kowa lissafi a layinmu. Muka tashi da shida. Aka sake rabawa ya sake wani shirmen. Ban san lokacin da na buga tebur ba na ce, "Haba Alhaji! Wai ina ka bar hankalinka ne? Ko yaro ba zai yi wannan ba!" Da Hausa na faɗa, amma fushi ba ya buƙatar tafinta. Wuri ya yi tsit. Bai ce komai ba, ya tattara kartar ya miƙa wa abokan wasa hannu, ya fita.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa ya jawo ni gefe ya sa aka kawo mini shayi. Bai yi mini faɗa ba. Labarin wani wasa ya ba ni, wai shi birij, wanda ya ce ya koya yana saurayi a wurin Girkawan garin. Da birij da wist ɗinmu duk tsatso ɗaya ne, daga tsohon wasan Turawan Ingila suka fito, kuma har yau ana gasar birij ta duniya. Bambancin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: a birij, da zarar an gama kira an jefa kartar farko, abokin wanda ya ci kiran sai ya baje kartarsa duka a kan tebur, kowa na gani. Dattijon ya ce, "Ya Hajj, da birij kuke yi da ka ga hannun abokinka tun kafin ka yi fushi."

Na iske shi a bakin ruwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, jabanarsa ta huce bai taɓa ba. Na zauna. Na buɗe baki zan ba da haƙuri sai ya riga ni.

Kun tuna shekarar. A Fabrairu aka karya darajar fam, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a hukumance. Daga tsakiyar Satumba kuma aka rufe tashar da hanyar Khartum sama da wata guda. Kwantenarmu tana ciki. Ni na san ta makale, amma shi ke kula da wannan ɓangaren, kuma kullum na tambaya sai ya ce saura kaɗan. Abin da ban sani ba shi ne kuɗin ardiyya ya taru ya fi ƙarfin abin da muka ware, ya taɓa uwar kuɗi, bai isa ba ya ci bashi da sunan shago. Ya ce don ya gaya mini ne ya kawo ni garin. Kwana biyar yana neman bakin zaren, kullum sai ya ga ina cikin nishaɗi ya fasa.

Ba zan wanke shi ba. Abin da ya yi ba daidai ba ne, kuma na faɗa masa a daren. Kuɗin haɗin gwiwa amana ne, kunya ba ta zama hujjar ɓoye asara, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Amma ni fa? Wata uku mutum yana ramewa a gabana, ya daina cin abincin rana, ni da nake alfaharin karanta ƙaramar dinari ban karanta fuskarsa ba. Na bar masa littafi shekara da shekaru da sunan yarda, alhali rabin yardar nan lalaci ce. Da yawanmu haka muke. Muna jin nauyin cewa "kawo littafi in gani", kada a ce muna zargi, sai ranar da abu ya ɓaci a kira dattawan kasuwa, a rasa kuɗin a rasa zumuncin.

Washegari maimakon yawon kwalekwale da muka yi wa yara alkawari, ofishin mai fitar mana da kaya muka nufa. Muka sayar da kashi ɗaya cikin uku na takalman a nan garin a kan asara, muka biya, sauran suka bi mu Omdurman. Bashin ya ɗauke mu wata goma sha ɗaya. Tun daga nan kowace Alhamis bayan la'asar ake baje littafi a kan kanta, nasa da nawa. Shi ya raɗa wa zaman suna birij.

Sauran kun sani. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, Suk Libya ba ta tsira ba, shagonmu ko kanta ba a bari ba. Muka sake bin hanyar nan ta Atbara da Haya da iyali, wannan karon ba da sunan shan iska ba. A jakarsa babu kayan sawa kirki, amma littafin na ciki. Da shi muka san wa ke binmu, wa muke bi, muka kira kowa ɗaya bayan ɗaya.

Na leƙa nadin a watan farko. Tebur an jingine su a bango, iyalai ne kwance a ciki. Dattijon yana bakin ƙofa yana rubuta sunayen masu karɓar ruwa. Ya gane ni, ya ce ina abokin naka mai kiran tara?

Abokin nawa yanzu yana Kano wajen 'yarsa, yana ɗan taɓa ciniki a Kwari. Ni ina nan ina turo masa turare da karkade. Jiya Alhamis hoton shafinsa ya shigo WhatsApp da la'asar, nawa bai tafi ba sai bayan isha'i saboda wuta. A ƙarƙashin nasa ya rubuta, "Alhaji, ina ka bar hankalinka ne?"