Kada A Yi Yaɓe A Kan Ruɓaɓɓiyar Azara

A shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwan Kwara ya taru ya zama babban tafki. Garuruwa da yawa na ƙasar Yawuri, da Ngaski, da Shanga suna bakin ruwan nan. In kogi ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2012 da 2020, sai ruwa ya shiga gidaje.

Bayan ruwa ya janye, waɗansu magidanta sukan yi sabon yaɓe, su shafa farar ƙasa, su ce gyara ya ƙare. Wannan kuskure ne babba.

Ku lura, yara, azara ita ce ke ɗauke da daɓen bene da rufin soro. Daga giginya ake tsaga ta, tana da ƙarfi ƙwarai. Amma bakinta a binne yake cikin bango. In bango ya sha ruwa daga ƙasa, rufi kuma yana yoyo, sai bakin nan ya daɗe a jiƙe, ya yi funfuna, ya ruɓe. Yaɓe yana rufe ɓarnar, amma ba ya ɗaukar nauyi. Wata rana sai rufi ya rufto a kan masu barci.

To, yaya magini na ƙwarai yake yi? Da fari sai ya tsai da ruwan: ya gyara indararo, ya haƙa lambatu, ya bar bango ya bushe. Sa'an nan ya soka tsinin wuƙa a bakin kowace azara. In wuƙa ta nutse kamar a cikin kabewa, wannan ta mutu. Sai ya tokare rufi da gwafa, ya zare ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya, ya sa busassu. Yaɓe da makuba shi ne aikin ƙarshe.

Wani zai ce azara ta yi tsada. Gaskiya ne, gama giginya takan daɗe kafin ta isa sara. Amma sayen azara uku ya fi sabon gini sauƙi, rai kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Ku ma kuna da aiki. In kun ga tsaga a bango, ko rufi ya lotsa, ko garin itace yana zuba, ku faɗa wa manya nan da nan. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke sa azara ta ruɓe?
2. Don me ake tokare rufi kafin a zare ta?