Sarauniyar Kyau da Jujin Masaka

Kowace shekara akan yi wata gasa a ƙasar nan wadda ake kira Miss Earth Nigeria, watau gasar zaɓen sarauniyar kyau wadda aka ce an kafa ta domin wayar da kan jama'a game da kiyaye muhalli. 'Yan mata sukan taru a wani babban ɗakin taro, a yi musu tambayoyi a kan dashen itatuwa da tsaftar ruwa da illar leda, sa'an nan alƙalai su fitar da guda ɗaya a ɗora mata kambi. Wadda ta ci ita ce takan wakilci Nijeriya a babbar gasar ta duniya. A daidai lokacin da ake wannan biki, kilomita kaɗan daga iyakar Abuja, a kan hanyar Keffi, akwai garin Masaka, inda matan aure da 'yan mata suke tashi tun asuba su share ƙofar gida, su tara shara, su rasa inda za su kai ta. Abin da wannan fili yake so mai karatu ya auna shi ne, ina gasar can ta haɗu da jujin nan?

Da farko dai ya kamata a san asalin abin. An fara gasar Miss Earth ta duniya a shekarar 2001 a ƙasar Filifin, kuma wani kamfani mai suna Carousel Productions ne ya ƙirƙiro ta. Wata 'yar ƙasar Denmark, Catharina Svensson, ita ce ta fara cinye ta. Sarautar shekarar 2002 kuwa ta faɗo hannun Winfred Omwakwe ta ƙasar Kenya, bayan an tuɓe wadda aka naɗa da farko. Bayan babbar sarauniya akan naɗa wasu uku, ta iska da ta ruwa da ta wuta. Hujjar masu shirya gasar ita ce, tun da yake mutane ba su gajiya da kallon kyakkyawar fuska, to, bari a ɗora wa fuskar nan saƙo, ko wanda ya zo kallo ya koma gida da darasi. Saboda haka akan kai masu takara su dasa itatuwa, su kwashe shara a bakin teku, su ziyarci makarantu.

Ita kuwa gasar kyau a Nijeriya ta girmi mulkin kai. Jaridar Daily Times ce ta fara shirya gasar Miss Nigeria a shekarar 1957, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wadda ta fara cin ta, Grace Atinuke Oyelude, haifaffiyar Kano ce, daga Kanon kuma ta tafi Legas ta ɗauko kambin. Bayan haka ta tafi Ingila ta koyi aikin jinya, ta dawo ta yi shekaru masu yawa tana aiki a asibitocin Arewa. Waɗanda suka kwanta a ɗakunan da ta kula da su ba kambinta suke tunawa ba, hannunta suke tunawa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe a dukan wannan magana: abin da aka yi bayan an sauko daga dandamali.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin mutanen Arewa ba su yi na'am da irin wannan gasa ba, kuma suna da dalilinsu. Addini da al'ada ba su yarda budurwa ta fito gaban taro a auna surarta ba, balle a sa ta cikin tufafin wanka. Har ila yau akwai tabon da bai gama warkewa ba. Bayan Agbani Darego ta ci gasar Miss World a shekarar 2001, an shirya yin ta 2002 a Abuja, sai wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga, wanda ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW), ya haddasa rikici a Kaduna cikin watan Nuwamba, inda mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, aka kwashe gasar aka kai ta London. Ko a watan Disamba na 2021, da Shatu Garko, 'yar Jihar Kano mai shekara 18, ta ci gasar Miss Nigeria sanye da hijabi, ra'ayi ya rabu biyu: wasu suka yaba, wasu kuma, har da hukumar Hisba ta Kano, suka soki lamarin.

To, amma fa akwai abin lura. Mutum yana da 'yancin ya ƙi ɗan aike, sai dai ba shi da hujjar ƙin saƙon idan gaskiya ne. Wanda ya ce ba ruwansa da gasar kyau, ai bai isa ya ce ba ruwansa da kwatar da ta toshe a ƙofar gidansa ba. Haka nan kuma wadda ta ɗauki kambi da sunan muhalli ba ta da hujjar tsayawa a inda fitila take haske kaɗai. Ɓangarorin nan biyu, idan da gaske suke, akwai wurin da za su haɗu, wurin kuwa shi ne gari irin Masaka.

Masaka tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, amma duk wanda ya ga cunkoson motoci da sassafe a kan hanyar da ta bi ta Mararraba zuwa Nyanya ya san cewa rayuwar garin a ɗaure take da Abuja. Tun da aka kafa dokar Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairu na 1976, aka kuma ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, tsadar haya ta riƙa tura ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori zuwa ƙauyukan da ke bakin iyaka. Rushe-rushen gine-gine da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya daɗa yawan masu ƙaura. Ƙasar da Gbagyi suke noman doya a cikinta ta zama unguwanni cikin ɗan lokaci, gida na bin gida, ba a fitar da isassun hanyoyi ba, ba a gina magudanun ruwa ba, ba a keɓe isassun wuraren zuba shara ba. Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi da Eggon duk suka zama maƙwabta. Da yawa daga masu share ofisoshin Abuja da masu gadinta da masu tuƙa motocinta a nan suke kwana. Abin takaici shi ne, ikon Hukumar Kiyaye Muhalli ta Abuja a bakin iyaka yake ƙarewa. Watau mutum ya wuni yana tsabtace birni, da yamma ya koma inda motar sharar birnin ba ta zuwa.

Yaya ake yi da sharar? Mai hali yakan biya 'yan bola masu tura kura su ɗauke, su kuwa sukan tsince ƙarafa da robobi da gwangwanaye su sayar, sauran su juye a inda suka sami fili. Marar hali yakan jira magariba ya cinna wa tasa wuta, hayaƙin leda ya shiga ɗakin da jariri yake barci. Wasu kuma sukan jira hadari ya haɗo, da an fara ruwa su zuba cikin kwata da nufin ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba ya tafiya da ita ko'ina sai ƙarƙashin kwalbati na gaba, inda ledar fiya wata da robar lemo za su taru su toshe hanya. Daga nan ruwa ya koma cikin gidaje, abin da ya rage ya kwanta ya zama makwancin sauro. Inda rijiya take kusa da salga, sai ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin rayuka ake magana. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A shekarar 2021 annobar kwalara ta kashe mutane fiye da 3,000 a ƙasar nan, akasarinsu a jihohin Arewa. A shekarar 2022 ambaliyar ruwa ta ci rayuka fiye da 600. Bugu da ƙari, buhunan gawayi da ake jibgewa a gefen hanyar Keffi itatuwa ne da aka sare a dazuzzuka, kuma muddin gas da kananzir sun fi ƙarfin talaka, ba za a daina sara ba. Idan yaro ya kwanta ciwo uwa ce take kwana a zaune. Idan ruwa ya yi wuya 'ya mace ce take ɗaukar jarka. Saboda haka babu wanda ya fi matan Masaka sanin abin da ake nufi da lalacewar muhalli, ko da ba su taɓa jin sunan Miss Earth ba.

Gasa kuwa a kan tsafta ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikacin En'e yakan shiga gida ya leƙa randa, idan ya ga ƙwarƙwaron sauro a yi wa maigida tara. A wasu masarautu har yau akwai sarautar Sarkin Tsafta. A watan Yuli na 1985, a birnin Kano, Manjo Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da kashi na biyar na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, watau na tsaftar gari, aka kuma sa kyautar Naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. Wata guda bayan haka aka hamɓarar da gwamnatin, amma al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta daɗe a jihohi da dama. Darasin da ke ciki biyu ne. Na ɗaya, gasa takan motsa mutane. Na biyu, abin da aka gina a kan tsoron bulala ko ɗokin rana ɗaya ba ya ɗorewa, domin an sha ganin jama'a sun fito da shara bakin titi ranar Asabar, motar kwasa ba ta zo ba, iska da awaki suka mayar da ita inda ta fito.

Wanda yake son ya ga abin da mace za ta iya yi wa muhalli ba tare da kambi ba, sai ya dubi Wangari Maathai ta Kenya. A shekarar 1977 ta kafa ƙungiyar da ta sa matan karkara dashen itatuwa, ana ba su ɗan ladan kuɗi a kan itacen da ya rayu, ba a kan wanda aka dasa kawai ba. Da haka aka dasa miliyoyin itatuwa, ita kuma ta sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 2004. Sirrin aikinta shi ne ƙidayar abin da ya rayu.

To, da wannan ma'auni ya kamata a auna sarauniyar muhalli ta Nijeriya. Dasa itace a gaban mai ɗaukar hoto ba shi da wuya, wuyar ita ce a ba shi ruwa cikin watan Maris, a kuma kange shi daga akuya. Idan masu shirya gasar suna so jama'ar Arewa su ɗauke su da muhimmanci, sai su ɗora wa kowace sarauniya unguwa guda har tsawon shekararta. Ta zauna da shugabannin matan kasuwar Masaka, da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da su 'yan bolan da kowa yake rainawa alhali kuwa su ne suke rage jujin. Ta yi amfani da sunan da ta samu ta buga ƙofar kamfanonin da ledarsu da robarsu suka cika kwatoci, ta nemi su kafa wurin sayen abin da suka zubar. Ranar da za ta miƙa kambi ta faɗi kwatoci nawa aka yashe, itatuwa nawa suka ga damina ta biyu. Kyan alkawari cikawa.

Su kuma waɗanda ba su yarda da gasar kyau ba, ƙofa a buɗe take su kawo wadda ta fi ta. Ƙaramar Hukumar Karu da masarautun yankin suna iya shirya gasar tsafta tsakanin unguwanni da makarantu, a naɗa mace ko budurwar da layinsu ya fi tsafta, a ba ta kyautar da za ta amfane ta, kamar kuɗin makaranta ko keken ɗinki ko jari. A nan ba surar kowa za a duba ba, ƙofar gida za a duba. Suka ba tare da kawo madadi ba ba ta kwashe ko kwando ɗaya na shara.

Amma lalle ne a faɗi gaskiya, sarauniya ko ta dandamali ce ko ta unguwa ba za ta iya sayen motar shara ba, ba za ta gina magudanar ruwa ba, ba za ta kafa doka ba. Wannan nauyin hukuma ne. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar sayayya tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairu na 2024. Wajibi ne Gwamnatin Jihar Nasarawa da Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya su zauna su ɗauki garuruwan hanyar Keffi a matsayin nauyin da ya hau kansu tare, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sauro da kwalara ba su tsayawa a bakin iyaka su nemi izini.

Gobe da asuba matan Masaka za su sake ɗaukar tsintsiya kamar yadda suka saba, ba mai tafa musu, ba mai ɗaukar hotonsu. Ba kambi suke nema ba. Abin da suke jira shi ne a nuna musu inda za su kai sharar da suka tara, kuma idan sun kai, a zo a kwashe. Allah Ya sa masu iko su ji.