Tausayi da taya baƙin ciki a tsallaken Kogin Kaduna

A darasin nazarin ma'ana nakan tambayi ɗalibaina bambancin "na tausaya masa" da "na taya shi baƙin ciki". Galibinsu kan ce duk ɗaya ne, ni kuwa ban yarda ba. Mai tausayi yana iya tsayawa daga nesa, ya girgiza kai, ya ce "Allah sarki", ya yi gaba. Kalmar "taya" kuwa ba ta lamunci nisa ba. Ana taya mutum noma, ana taya shi ɗaukar kaya, kuma dole sai an isa inda yake an sa hannu. Ashe ke nan Bahaushe ya ɗauki baƙin ciki tamkar kaya ne mai nauyi, wanda ake kama wa mai shi gefe guda.

Tun bayan rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, Kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi da dama sun ƙaura zuwa arewacinsa, Kiristoci sun tattara a Narayi da Sabon Tasha da Television. Tausayin baki bai ragu ba, musamman a wajenmu 'yan boko, masu iya tsara saƙon jaje. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zaman makoki a tabarma ɗaya, alhali nan ne mutum kan ga idon wanda aka yi wa rashi, har raɗaɗin ya taɓa shi.

Mai karatu ya tuna Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Daga cikin abubuwan da suka sanyaya zuciyar Wuye har da zuwan Ashafa asibiti domin duba mahaifiyarsa, da ƙafarsa ya taka. Cibiyar sasanci da suka kafa tare ta taimaka wajen cimma yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002.

Ni ma ban tsira ba. Bara wani tsohon maƙwabcinmu Kirista, wanda muka yi shekaru muna ɗibar ruwa a rijiya ɗaya a Kakuri, ya rasu a Sabon Tasha. Na tura wa ɗansa saƙon waya da Hausa mai kyau, ya amsa da "Mun gode, Baba". Tsakanin gidana da nasu tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, kuma har yau ban je ba.