Jarumtar Da Ake Saye Da Dala Ba Jarumta Ba Ce

Mai karatu, in ka kalli fim ɗin Pacific Rim na 2013, ka san daɗin ganin mutum ya shige cikin samudawan ƙarfe yana tuƙa su a fagen fama. Wannan daɗin ne masu wasannin gem suka farga da shi, suka kawo mana shi cikin waya da kwamfuta. Sai dai kash! A fim jarumi da zuciyarsa yake cin yaƙi, a gem kuwa aljihu ne jarumin.

Ɗauki War Robots, wanda kamfanin Pixonic ya fitar a 2014. Kyauta ake sauke shi, a raba ku shida-shida a ce ku gwabza. Da farko abin gwanin sha'awa. Kana yin nisa sai ka yi karo da wani butum-butumi da bai daɗe da fitowa ba, kafin ka ce kwabo ya mayar da naka tarkace. Ba wai ya fi ka iya harbi ba ne, a'a, kuɗi ya zuba. Kai da ba ka biya ba, sai ka yi ta jiran kwanaki kafin makaminka ya hau mataki guda.

Abin da ya fi ƙona wa 'yan wasa rai shi ne abin da ake kira gyaran daidaito. Kukansu kullum ɗaya ne: a fito da sabon makami mai ƙarfin tsiya, a bari jama'a su saya, sannan a rage masa ƙarfi da sunan adalci, a kawo wani sabo kasuwa. To ka ga har mai kuɗin ma bai tsira ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Na san abin da masu kare kamfanonin za su ce: ma'aikata albashi suke ci, kuma ba a tilasta wa kowa ya saya ba. Gaskiya ne, ba wanda ya ce su yi aikin banza. Amma akwai bambanci tsakanin sayar da ado da sayar da nasara. A ƙarshen 2013 masu MechWarrior Online sun sa wa wasu butum-butumai masu ruwan zinare farashin dala 500 kowanne. An yi ta surutu, amma ni zinaren bai dame ni ba, tunda fenti ba ya harbi. Inda gizo ke saƙar shi ne, masu biya ne suka fara hawa wannan sabon jerin injinan, saura kuwa sai da suka jira. Ka taɓa ganin damben da aka yarda wani ya naɗe ƙarfe a hannu don ya biya mai fili? Kuma talakan da ake raina, ai shi ne kasuwar. In ya yi fushi ya fice, wa mai kuɗin zai harba?

Kada ka ce ƙorafi ba ya magani. A Nuwamba 2017 'yan wasa suka yi wa kamfanin EA caa a kan Star Wars Battlefront II, bayan an ƙiyasta cewa sai mutum ya shafe kusan awa 40 yana wasa kafin ya samu Darth Vader. Dole kamfanin ya dakatar da cinikin cikin wasan ana gab da fitar da shi. A 2018 kuma hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ce zalla.

Saboda haka mai karatu, shawara ta rage gare ka. Duk wasan da ka ga katin banki ya fi yatsunka tasiri, ka goge shi, ka kuma faɗa wa abokanka dalili. Yadda muke ƙaurace wa fim ɗin da ya raina mana hankali, haka ya kamata mu yi wa gem. Su sayar mana da fenti da tuta, mun yarda. Nasara kuwa, a bar wa gwani.