Ƙwallon Illela da Ƙoƙon Almajiri

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da nake ta haɗiyewa tun hutun da ya wuce, har na ga in ban amayar da ita a wannan mujalla tamu ba, to ba ni da wurin kai ta. Maganar ta shafi garinmu Illela, ta shafi ƙwallon ƙafa, ta kuma shafe ni, domin ba zan ɓoye muku ba, da hannuna a cikin abin da zan yi tir da shi.

Ga wanda bai san Illela ba, gari ne a arewa da Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, tsakaninsa da Birnin Ƙonni 'yar tafiya ce. Ran Lahadi kasuwa take ci, kara ta cika maƙil da shanu da raƙuma da tumaki, manyan motoci suna ta lodi zuwa Kudu, 'yan canji suna juya naira da sefa. Kuɗi yana kwana a garin nan. To amma in dare ya raba ka zaga tasha da rumfunan kasuwa da barandar shaguna, za ka tarar da waɗansu masu kwana a garin su ma: almajirai, da makafi da guragu, da matafiyan da guzuri ya ƙare musu, da matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a gabashin Sakkwato, kowace da 'ya'yanta a kan tabarma guda ko a kan kwali.

Akwai wata ƙungiyar ƙwallo ta samarin unguwarmu wadda na yi wa wasa a baya kafin in zo jami'a. Bana suka ƙudura niyyar fita daga wasan unguwa su shiga gasar jiha, abin da kuwa ya dace da su. Sai ga buƙatar riguna da takalma da kuɗin rajista da na mota. Kwamiti ya zauna, aka buga littattafan rasit, aka raba mu ƙungiya-ƙungiya, mutum shida ko bakwai, kowace da makaɗinta, aka ce ranar kasuwa a bi kowa da kowa, kada a tsallake ko mutum guda, wai da yayyafi kogi kan cika. Da yake ni ne ɗan jami'a, ni aka danƙa wa biro.

A ƙofar tasha muka iske wani dattijo makaho zaune da ɗan jagoransa, ƙoƙonsa a gaba. Na so mu wuce, amma makaɗi ya riga ya karya kalangu a kansa yana zuba masa kirari, 'yan kamasho da masu shayi suka juyo suna kallo. Dattijon ya ce, "Mi kuka ce za a yi da kuɗin, samari?" Aka ce masa ƙwallo ce, don a ɗaukaka sunan gari. Ya yi shiru, sa'an nan ya kwance bakin rigarsa ya laluba ya miƙo naira 100. Aka yi tafi. Na buɗe littafi na rubuta, da na zo gurbin da aka ce a sa unguwa na ce, "Baba, wace unguwa?" Yaron ya ce, "Nan muke kwana." Na rubuta "tasha", na yage rasit na sa a hannun mutumin da ba zai taɓa ganin abin da na rubuta ba, ba zai kuma taɓa ganin wasan da ya biya wa kuɗi ba. Kafin la'asar na rubuta "tasha" da "kasuwa" a wannan gurbi sau da yawa, har na daina ƙirgawa.

Da na ta da maganar a wurin taro da dare, an ba ni amsoshi, kuma ba duka ne na banza ba. Wani ya ce ai ba mu tilasta wa kowa ba. Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. In samari bakwai majiya ƙarfi suka tsaya a kan mutum guda yana zaune a ƙasa, ga kiɗa, ga idon mutane, shi kuma ya san gobe a wajen iyayen waɗannan samari zai nemi sadaka, ya san wurin da yake shimfiɗa kwalinsa da yardar 'yan gari yake shimfiɗawa, wane baki yake da shi na cewa a'a? Attajirin da muka je wa a shagonsa ya ce mu dawo wani sati, muka yi godiya muka fita muna sunkuyar da kai. Shi yana da ikon ƙi. Makaho ba shi da shi, kuma mun san haka tun kafin mu tsaya a kansa.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, na kuma kwana ina juya ta. Wani ya ce hana matalauci bayarwa shi ne wulaƙanta shi, shi ma ɗan gari ne, yana da hakkin ya ce ƙungiyarmu. Na yarda da rabin wannan magana. Da a ce almajiri ya tako da ƙafarsa ya zo filin atisaye ya ce ga naira 50 a sayi ruwa, wallahi sai in karɓa da hannu biyu, don kada in kunyata shi. Amma wanda ya zo ya ba ka dabam, wanda ka je ka tsaya a kansa dabam. Sa'an nan tun yaushe muka tuna ɗan gari ne? Yaran nan su ne muke kora da tsawa in sun matso bakin fili, su ne ake aika su tsinto ƙwallo in ta faɗa bayan katanga, ba a taɓa gwada ko guda a cikinsu aka ga ko yana da ƙafa ba. Ranar karɓar kuɗi ce kaɗai sunansu ya shiga littafinmu.

Mu 'yan Sakkwato bai kamata a koya mana wannan ba. A Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa na zaluncin sarakunan zamaninsa har da ɗora wa mutane kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora musu ba, da karɓe-karɓen da ake yi a kasuwa. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Mu da muke karanta wannan tarihi muna cika baki da shi a zauren muhawara, mu ne muka koma gida muka ƙirƙiro wani sabon haraji mai rasit, muka aza shi a kan mutanen da ko Baturen mulkin mallaka bai sa su cikin jerin masu biya ba. A addini kuwa, matalauta da miskinai su ne farkon waɗanda aka ce a ba zakka, matafiyin da guzuri ya yanke wa yana cikinsu. Ruwa daga tudu yake gangarowa kwari. Mu mun juya shi.

Yanzu bari in zo ga ita ƙwallon, don kada a ce ɗan boko ya zo ya kashe wa samari gwiwa. Ƙungiyar nan tana da yara. Akwai ɗan gaba guda wanda in ya sami mai koyarwa na kirki, ina ganin zai ci abinci da ƙafarsa, mai tsaron gidanmu kuma ba ya tsoron ƙasa. Amma baya a buɗe take, numfashinsu yana ƙarewa bayan hutun rabin lokaci domin yawancinsu daga dako ko acaɓa suke zuwa fili, filin kuwa rairayi ne da tsakuwa. Tsanin da suke son hawa dogo ne: daga gasar jiha zuwa rukunin ƙasa na uku, daga nan zuwa na biyu, kafin a yi zancen babbar gasar ƙasa. Ku duba waɗanda suka hau. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, a can Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. Gwamnatin jiha ce take riƙe da ita. Haka Katsina United, haka Sokoto United mai wasa a filin Giginya. Duk da baitulmalin jiha a bayansu, sau nawa muka ji 'yan wasa a ƙasar nan suna kukan albashi?

To a yi lissafi. A ce mabarata 200 kowa ya ba da naira 100, an sami naira 20,000 ke nan. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan kuɗi ba zai kai 'yan wasa 18 Sakkwato ya komo da su ba ko sau ɗaya. Watau mun hana mutum 200 kokon safe, mu kuma ba mu isa ko'ina ba. Ko da babu zancen halal da haram, wannan dabara ce ta wanda bai iya ƙidaya ba.

Kuɗin yana inda kowa ya sani. Yana wurin manyan dillalan kara, da masu motocin da suke tsallaka iyaka, da 'yan canji, da ofishin ƙaramar hukuma wanda yake karɓar kuɗin shiga a kasuwa kowace Lahadi, da 'yan siyasar da suke tuna samari in zaɓe ya matso, su sa kofi da hotonsu a jiki, in an gama ƙidayar ƙuri'a kofi ya bi iska. Na san za su ce kasuwa ta mutu, kuma ba ƙarya suka yi duka ba: an rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Illela ta ji a jikinta. Sai dai in rufe iyaka ya rage wa attajiri riba, me ya yi wa wanda yake rayuwa da abin da ya faɗo daga hannun attajirin? Gaskiyar magana ita ce zuwa wurin manya yana da wuya, sai an yi zaman jira, sai an sha "dawo gobe", mu kuma muka zaɓi inda katanga ta fi gajarta.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, inda ake ji da wasan besbol, wanda ake bugun ƙwallo da kulki, an fitar da sauran iyalan talakawa 'yan asalin Meziko daga gidajensu da ƙarfin hukuma a unguwar Chavez Ravine ta birnin Los Angeles a 1959, aka gina wa ƙungiyar Dodgers filin da aka buɗe a 1962. Su sun raba mutane da gidajensu don wasa, mu mun tarar da marasa gida mun karɓe kuɗin kokonsu. Girman abin ne ya bambanta. Amma a duniyar nan dai, a 2003 aka fara gasar kofin duniya ta marasa matsuguni a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, inda masu kwana a titi su ne suke sa riga su shiga fili, masu hali su biya. Ban ce Illela ta yi irin wannan gobe ba. Na ce dai a cikin ɗaruruwan almajiran da suke buga ƙwallon tsumma a bayan tasha, ƙaryar mutum ce ya ce babu ɗan baya guda biyu, mu kuwa ɗan baya muke nema ruwa a jallo.

Saboda haka ga abin da zan kai gaban kwamiti in an yi hutu. A ɗauko littattafan rasit a ware duk inda aka rubuta "tasha" ko "kasuwa", a tara kuɗin a mayar wa masu shi, wanda ba a same shi ba a sayi abinci a raba a inda aka karɓa. A ajiye kalangu. A rubuta takarda guda mai lissafin abin da ake bukata dalla-dalla, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da shugabannin kara da na tasha, a riƙa karanta sunan wanda ya bayar da wanda ya ce a dawo gobe a gaban 'yan kallo kafin a take wasa. A kuma ware yammacin Alhamis, ranar da allo yake hutawa, a buɗe fili ga almajirai da yardar malamansu.

Ku ma'aikata 'yan asalin Illela da Gwadabawa da Gada da kuke zaune a ofisoshin Sakkwato, ku ne kuka san ƙofar da ake bi takarda ta isa teburin da ya dace, ku kuma kuna da albashi, komai ƙanƙantarsa. Littafin rasit ɗina yana nan a akwatina a ɗakin kwanan ɗalibai, saura shafi goma sha ɗaya ba a rubuta ba, kuma da ku zan fara ran Litinin.