Hoton ya ɗaukaka mai zane, ya binne mai fuskar

A shekarar 1800, a babban baje kolin zane-zane na birnin Paris, wata Bafaransa mai suna Marie-Guillemine Benoist, almajirar mai zane David, ta nuna hoton wata baƙar mace zaune bisa kujera, da farin kallabi, rabin ƙirjinta a buɗe, ta ƙura wa mai kallo ido. Wannan hoto ne ya fito da sunan Benoist fili. Ba a jima ba aka ba ta aikin zana Napoleon, a 1804 ta samu lambar zinariya. A 1818 hukuma ta sayi hoton, har yau yana gidan tarihi na Louvre.

To, ita wadda aka zana fa? Fiye da shekara 200 ba a kira ta da sunanta ba. Launin fatarta kaɗai aka rubuta a ƙarƙashin hoton, da kalmar da ake kiran bayi da ita. Sai a 2019, bayan binciken masana, aka bayyana wa duniya cewa sunanta Madeleine, daga tsibirin Gwadalup take, kuma baranya ce a gidan dangin mijin mai zanen.

Masu yabo suna cewa hoton jinjina ne ga ƴanci, tun da Faransa ta soke bauta a 1794. Ban yarda ba. A 1802 Napoleon ya maido da bautar, kuma shi ɗin ne Benoist ta zana daga baya. Gwanintar hannunta ba abin musu ba ce, amma baranya tana da bakin ƙin zama in uwar gida ta ce ta tuɓe?

Kada mu ce wannan rigimar Turawa ce. Hotunan zamanin mulkin mallaka da muke liƙawa a bangon azuzuwa da ɗakunan ƙungiyoyinmu, da yawansu abin da aka rubuta musu bai wuce "mace Bahausa" ba. Kakannin wasu ne, an yanka musu ragon suna.

Ya ku malamai, in kun nuna wa ɗalibai hoto, kada ku tsaya ga wanda ya zana. Ku tambaye su wa aka zana, kuma wa ya ci ribar fuskarsa. In babu suna, ku aike su wurin tsofaffin gari su nemo tun masu sani suna da rai.