Mu Gane Zamani: Intanet ta Iska ko ta Igiya?

Ƴan uwa, intanet na shiga gida ta igiyar gilashi da ake binnewa ƙasa, ko ta iska, daga dogon ƙarfe zuwa eriyar saman soro.

Ta iska ba ta da tsadar kafawa, amma sai eriya ta hangi ƙarfen. Icce ko gini na tare ta. In masu amfani sun yi yawa, rabon kowa ya ragu, kamar rijiya ɗaya ga gari duka. Igiya ta fi ƙarfi, sai dai ginar raminta na cin kuɗi, shi ya sa kamfani ke fara kai ta birni, inda gidaje ke haɗe.

Mu na karkara, ta iska ce tamu tukuna. Kafin ku biya, a gwada muku ita da maraice, lokacin da kowa ke kai.